Waƙar da Na Ce ta Biki Ce

Mu biyu jirgi ya sauke a Niyok, ni da Ɗantani, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. A lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, jihar kuwa tana tura 'ya'yanta ƙetare su koyo sana'a. Mu gyaran injin jirgin ruwa aka ce mu koyo, na shekara guda, saboda injinan da suka fara yawa a tafkin Kainji.

Ni malamin makaranta ne a Yelwa. Shekara shida ina koyar da Turanci kafin in koma akawu a ofishin kula da kamun kifi, kuma har ranar da na hau jirgi ban taɓa kwance noti ɗaya ba. An zaɓe ni ne don na iya cike fom. Ɗantani kuwa Basarke ne, jinin masunta, mutumin Warra, wanda ruwan dam ya cinye ƙauyensu yana saurayi. In inji ya yi tari a tsakiyar tafki, yana bakin gaɓa zai gaya maka abin da ke damunsa. Sai dai a aji huɗu ya bar firamare, saboda haka a takardar gwamnati lebura ne. Takardar shaidar da za a ba mu a ƙarshen shekara ita za ta mai da shi shugaban garejin jirage a Warra. Ni a wurina ƙarin ado ce a bangon ɗaki. Shi kuwa ita ya zo nema, ba ya ma son a ambace ta da ƙarfi, kada baki ya kama ta.

Jami'in kula da ɗalibai da ya tarye mu ɗan kudu ne mai ƙatuwar taye a wuya, ba ya jin Hausa, bai kuma tambaye mu gajiya ba. Magana ɗaya ya yi: duk wanda ya ɗaga hannu a kan ɗan ƙasar nan, jirgi na gaba zai hau, ba takarda. Da na fassara sai na saci kallon hannun daman Ɗantani. Kafin ya kama inji ɗan dambe ne, kuma akwai wani mahauci a Ngaski da har yau da gefen baki yake shan kunu saboda wannan hannun.

"Ka ji dai," na ce masa.

"Na jiya, Ticha. Wancan na baro shi gida. Wanga da kag gani na cin tuwo ne."

Ba a kwana ba aka gwada shi. A tashar bas, da rana tsaka, wani saurayi mai fara'a ya zo ya ce shi ma'aikacin tasha ne, mu kawo kaya ya kai mana mota. Na gaya wa Ɗantani, har na ƙara da cewa ƙasar da ta ci gaba ke nan. Saurayin ya ɗauki jakar Ɗantani ya nufi ƙofar fita. Ɗantani ya bi shi ya damƙe igiyar jakar. Sai ga wuƙa, irin wadda ke tsalle daga kube da kanta. Ya tsarge masa hannun hagu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ya ƙara masa da ƙafa a mara. Ina tsaye na ga hannun daman nan ya dunƙule, ya taso har ƙirji, sannan ya koma aljihu kamar kan kunkuru. Ɓarawo ya tafi da bandar kifin da innarsa ta ɗaure masa, da yaji, da rigarsa ta Juma'a. Jama'a suna tsallake jinin kamar ruwan wanki.

Wata baƙar tsohuwa mai shara ce ta ajiye tsintsiya, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun. Tana ɗauri tana ta zuba magana. Ni da na yi shekara shida ina jan kunnen yara a kan Turanci, ban tsinci kalma biyar ba.

"Mi tac ce?" in ji Ɗantani.

"Addu'a take mana."

Ya ce amin, ya shafa. Wataƙila addu'ar ce, wataƙila kuma wautarmu take zagi. Abin da na gano a wurin shi ne, in na faɗi abu da ƙarfin murya, ba mai gyara mini. Malamin da ya rasa mai gyara masa kuwa ya fi mahaukacin kare haɗari.

Kwana biyu muna cikin bas muna yin yamma. A wani zango wani mai gemu ya sayar mana da rigunan sanyi, ya rantse da uwarsa cewa da su ake shiga ƙanƙara. Daga baya muka gane rigunan ruwa ne na leda, waɗanda ke tara sanyi su ajiye maka. A wani zangon kuma wani mashayi ya tofa wa Ɗantani yawu a wuya don ya ga yana salla a bayan mota. Ya idar, ya goge, ya hau.

Garin da aka kai mu ƙarami ne, a bakin wani tafki da ya ninka Kainji ban san sau nawa ba. Aka sauke mu gidan wata tsohuwa mai suna Marta, wadda mijinta ya nutse a tafkin tun da daɗewa. Ranar farko ta ga rigunanmu na leda, ta shiga ɗaki ta fito da na mijinta guda biyu. Ta koyi cewa ba mu cin alade, ta ware mana tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu. Ɗantani Inna yake ce mata, ita kuwa ta ɗauka sunanta ne bai iya faɗa ba. Da hunturu ya kama, tafkin ya daskare har mota na hawa. Ɗantani ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ticha, kifin da ke ƙarƙashin wanga abu, wa yaz zalunta?" Ranar Lahadi yakan zauna yana lissafo mini kifayen gida ɗaya bayan ɗaya, giwan ruwa, ragon ruwa, karfasa, tarwaɗa, kamar mai kiran sunayen 'yan'uwansa da suka rasu.

Da safe aji, da rana gareji. A aji ni ne sarki, a gareji ni ne abin dariya. Shugaban makarantar, wani dattijo mai suna Walta, ya fara lura da Ɗantani ranar da aka kawo wani inji da ya gagari kowa kwana uku. Ɗantani ya sa aka tayar da shi, ya kara kunne a jikinsa kamar mai sauraron ciki, ya nuna wuri guda da yatsa. Aka buɗe, ga tsaga nan siririya kamar gashi. Tun daga ranar Walta in zai wuce sai ya dafa kafaɗarsa. Turancin Ɗantani dai bai wuce sunayen sassan inji ba, amma da su yake hira da dattijon har su yi dariya.

Wanda injin ya gagara shi ne babban makanikin garejin, Hank, wani jibgegen mutum mai jan wuya da muka sa wa suna Dorina. Akwai kuma Jeri, siriri mai yawan murmushi. Jeri kaɗai ke yi mana magana a hankali, kalma bayan kalma, har in fahimci komai. Na ɗauke shi masoyi. Kallon kitse na yi wa rogo.

A tsallaken hanya akwai gidan abinci inda ma'aikata ke cin na rana, da wani akwatin kiɗa mai fitilu wanda ake jefa wa kwabo a danna lamba. A nan na san waƙar. Ta cika Amurka a wannan shekara, a rediyo ita, a kanti ita, motar da ta wuce ka ita. Ba ta kai minti uku ba. Ganga ke buɗe ta a guje kamar an koro makaɗin, jita biyu su faɗo a kai suna walƙiya, sannan samari uku su haɗa murya su ɗaga ta sama, ga tafi a tsakiya. Kiɗa ne da zai sa gurgu ya nemi sandarsa. Kullum da rana Dorina zai jefa kwabo ya danna wannan lamba, ya zauna da kofin giyarsa, ya rufe ido yana dukan tebur da dunƙulen hannu.

"Waƙar mi ce, Ticha?"

A wurinmu kiɗa ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. In ka jiyo kalangu daga bayan gari ka san ba makoki ake ba. Na kasa kunne kwana biyu, samarin nan suna rera Turanci ta hanci cikin ƙarar jita, na samo kalma uku: zobe, ƙauna, har abada. Na duba yatsan Dorina, ga zobe. Na duba murfin akwatin kayan aikinsa, ga hoton mace da farar riga da furanni. Na haɗa su kamar lissafin aji uku.

"Ta biki ce," na ce. "Ango ne. Amaryarsa yake tunawa."

"Ashe! Kuma muna aiki da mutum wata da watanni ba mu tambaye shi iyali ba? Wanga ai rashin tarbiyya ne. Shi ya sa yake hararar mu. Koya min yadda ake cewa ina amarya."

Na koya masa, har da gyaran lafazi. Washegari da safe ya tsaya gaban Dorina, ya ɗan rusuna, ya tambaye shi amarya da Turanci mai kyau irin na littafi. Kowa a gareji ya dakata da aiki. Dorina ya dube shi kamar bai ji ba, ya juya. Rana ta biyu da ya sake gaishe shi, sifana ce ta wuce ta gefen kunnensa ta fasa gilashin taga. Na tambayi Jeri. Jeri ya riƙe ciki yana dariya, ya ce haka ake wasa da ango a nan, in ya yi jifa to ya ji daɗi ne, kada mu fasa. Na ga abin ya yi ma'ana, ai mu ma abokan ango ba su raga masa. Na tabbatar wa Ɗantani kunya ce irin ta sabon aure.

A mako na uku da fara gaisuwar suna sauke inji da sarƙa, Dorina na riƙe da ita, Ɗantani na gyara mazauni a ƙasa. Dorina ya saki. Ƙarfen ya sauka a kan yatsun hagu na Ɗantani. Na ji ƙarar daga inda nake. Da aka ɗaga, farce biyu sun manne a jikin ƙarfe, naman yatsun ya baje fari kafin jini ya zo. Dorina ya ce sarƙa ce ta kuɓuce. Ɗantani ya durƙusa yana haki, hannun dama cikin aljihu har ɗinkin yana yagewa.

Muna komawa gida ya ce, "Ticha, don girman Allah, ka tabbata gaisuwar ga ba zagi ba ce?"

Da a ce ya tambaye ni ko na tabbata ubana ne ya haife ni, da ban ji zafin da na ji ba. Na tuna masa shekarun da na yi ina koyarwa, da ajin da shi ya tsaya. Na ce hassadar injin nan ce kawai, kuma maganin mai hassada alheri. Ya ba ni haƙuri. Marta tana kicin, taku biyar daga inda muke, ta san kowa a garin tun yana cikin zane. Ban tambaye ta ba.

Saura wata biyu mu gama, ƙanƙara ta fara narkewa, Jeri ya ja ni gefe da safe. Ya ce yau auren Dorina shekara guda cif, kuma ba wanda ya tuna, abin tausayi. Na ce mu daga ƙasar da ake tuna mutane muka zo. Na shirya 'yar gajeriyar laccar taya murna a raina, na yi mata kwalliya da kalmomin da na daɗe ban samu inda zan sa su ba.

Da rana gidan abincin ya cika. Dorina bai kai ga tashi ba na riga shi, na jefa kwabo na danna lambarsa. Ganga ta ɓarke. Na tsaya gaban teburinsa na yi jawabina, na yi masa fatan zuri'a mai albarka, na ce Allah ya bar shi da amaryarsa har abada kamar yadda waƙa ta faɗa. Sannan na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi wa ango a Yelwa in kiɗansa ya tashi. Na zaro takardar dala na manna masa a goshi.

Ta zauna daram, don goshin da gumi. Na tuna na ga idanunsa biyu a ƙarƙashinta.

Kofin giyar ya fara fasa mini a fuska. Hanci ya karye, haƙora uku suka faɗa cikin bakina, na haɗiye ɗaya. Ya kamo wuyan rigata ya jawo ni ta kan tebur, ya ɗaga ni kamar buhun dusa ya buga kaina da akwatin kiɗa. Gilashin ya tarwatse, fatar goshina ta zazzago ta rufe mini ido ɗaya, waƙar kuwa ba ta ko yi tuntuɓe ba. Samarin nan suna ta tafi. Na faɗi, ya hau ni da takalmin aiki mai bakin ƙarfe, a haƙarƙari, a ciki, a haƙarƙari. Ba wanda ya tashi daga kujerarsa.

Sai na ji nauyi a kaina. Ɗantani ne ya kwanta ya rufe ni da jikinsa, hannun dama a aljihu, na hagu mai bandeji a kan kaina. Dorina ya ɗauki kujera ya karya a bayansa. Ya ɗauki ƙafar kujerar ya shiga dukansa a kai, a kunne, a wuya. Jinin kunnensa yana ɗiga cikin nawa, yana ihu, "Ticha, gaya mishi mun tuba! Gaya mishi da Turanci!" Na buɗe baki, jini ne ya fito da guntun haƙori. Turanci bai zo ba.

Dorina ya fizge shi ya jefar gefe. Akwai wani sandan ƙarfe da ake tokare ƙofa da shi. Ya ɗauko, ya taka ƙirjina da ƙafa ɗaya don kada in motsa, ya ɗaga shi da hannu biyu saitin kaina. Da ido ɗaya na ga Ɗantani ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya zaro hannun, ya karkata kafaɗa, ya ja ƙafar dama baya kamar yana fagen Ngaski.

Bugu ɗaya ne. Ƙararsa kamar an sari busasshen icce. Haɓar Dorina ta koma wajen kunnensa, sandan ya faɗi bayansa, shi kuma ya zube a kan teburin da ke kusa ya tafi da shi ƙasa, ƙafafunsa na shure-shure. Daidai nan jita ta yi kukanta na ƙarshe. Duk abin bai kai minti uku ba.

'Yan sanda suka zo suka danne fuskar Ɗantani a cikin fasassun kwalabe suka sa masa ankwa. Ni da Dorina mota ɗaya ta kai mu asibiti, gado da gado, ba mai iya magana. Kwana biyu Walta yana zirga-zirga kafin a ba shi Ɗantani.

Ranar da aka sallame ni, da la'asar, Marta ta zaunar da ni a kicin ta ba ni romo da cokalin shayi. Sannan ta gaya mini, a hankali, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Matar Hank ta gudu wata uku bayan ɗaurin aure, da babban abokinsa, wanda ya tsaya kusa da shi a coci. Duk garin ya sani. Waƙar kuwa ta mutumin da aka yi wa haka ce. Zoben da na ji, cire shi aka yi aka ajiye masa. Ƙaunar da na ji, ta wani ce yanzu. Har abadar kuma alkawarin da aka karya ne. Na ce to don me ake tafi? Ta ɗaga kafaɗa ta ce su haka suke yi, in abu ya yi musu ciwo sai su ƙara wa ganga gudu.

Na hau sama na gaya wa Ɗantani. Yana kwance a gefe guda, an cushe kunnensa na dama da auduga, likita ya ce dodon kunnen ya fashe. Sai da na maimaita ta ɗaya kunnen.

"Inna lillahi," ya ce. "Ashe kullum da sahe gyambon bawan Allah nike takawa, har da rusunawa." Ya gyara kwanciya. "Amma ba laihinka ba ne, Ticha. Wa zai ce ana kuka da tahi? Ko alƙali ne sai ya ce biki ne."

Bayan mako guda aka kira mu ofishin Walta. Jami'in nan mai taye ya zo daga Niyok. An ɗaure wa Dorina haɓa da waya, ba ya magana, kuma ya ƙi shigar da ƙara, Marta ta ce kunya ce ta hana shi. 'Yan sanda suka bar wa makaranta hukunci. Waɗanda suka ga abin duk sun ce ɗaya daga cikin baƙin nan ne ya sa waƙa ya manna kuɗi, amma ba wanda ya iya cewa wanne. Ni gajere ne mai tumbi, Ɗantani dogo kamar gora. Jeri ma ya ce shi bai iya bambanta mu.

Walta ya cire tabarau ya yi magana yana kallona, don ni ne tafinta. Ya ce dole mutum ɗaya ya tafi, garin ba zai lamunta ba, kuma wanda ya kunna wutar shi zai tafi. In wanda ya yi bugun ba shi ya yi izgilin ba, rai kawai ya ceta, to shi Walta zai rubuta haka ya sa hannu, ya riƙe shi ya gama, don bai taɓa koyar da hannu irin nasa ba. Ya dubi jami'in. Jami'in ya gyaɗa kai ya ce in makaranta ta tsaya masa, shi ba shi da ta cewa.

Ba ganga, ba jita, ba hanci. Kowace kalma na ji ta sarai.

Abin da ya zo mini ba matata ba ce, ba aikina ba. Kasuwar Yelwa ce ta zo mini, da yaran da na ja wa kunne sun zama samari, suna nuna ni da baki: ga Ticha can, wanda aka koro daga Amurka don bai ji Turanci ba.

Ɗantani ya juyo mini da kunnen hagu. "Mi yac ce?"

"Ya ce wanda ya yi bugu tafiya zai yi, ba makawa. Yana tambaya wa ya sa waƙa ya manna kuɗi, shi ma ya bi shi."

Ya dubi hannunsa na dama da ke kan gwiwa, ya daɗe. Sannan ya ce, "To mi za ya sa mu koma mu biyu hannu wohi? Wanda ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Gaya mishi ni na sa waƙa, ni na manna kuɗi, ni na yi bugu. Kai rabon faɗa ka shiga."

Na fassara. Kalma da kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Tun da muka sauka ƙasar ban yi fassara mai tsabta irin wannan ba.

Walta ya dubi ɗinkin da ke goshina, ya dubi Ɗantani, ya sake dubana. Ya ce, "Haka abin ya faru?"

Na ce, "Haka ya ce."

Ya mai da tabaransa ya jawo takarda.

Ni da Marta muka raka shi tashar bas da hantsi. Ta ba shi burodi da dafaffen ƙwai a leda, tana kuka tana gyara masa wuyan riga. Ya ce mata, "Inna, a yahe ni," na fassara mata wannan ma. Da direba ya tayar da mota sai ya karkata kai ya saurari injin da kunnen da ya rage, ya ɗan ɓata fuska. Ya sa ƙafa a matakala ya juyo.

"Ticha, ka tsaya ka gama, kak ka sa damuwa. Takardag ga ko sunan wa ke kanta, ta mutanen Yauri ce. In sun ba ka gareji ka ɗauke ni, ka san ba ni da ƙiwuya."

Na gama. Na dawo da takardar, aka ba ni garejin Warra, na ɗauke shi. Shekara goma sha ɗaya yana gyara, ina sa hannu.